Yaji, biko da tsagar bango: amsar tambayoyinku

Wata baiwar Allah daga Gusau ta aiko da tambaya: "Malam, mene ne bambancin yaji da saki? Kuma me ya haɗa kayan miya da fushin mace?"

Malama, tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Saki kwance ɗauri ne, kamar yadda ake sakin akuya daga turke, shi ya sa Bahaushe ke cewa igiyar aure, kuma igiyoyin uku ne. A yaji kuwa igiya tana nan daram, matar ce ranta ya ɓaci ta ɗauki mayafi ta tafi gidansu. A ganina zafin yajin barkono aka ara aka laƙaba wa zafin zuciya. Daga nan kuma ma'aikata suka samo "yajin aiki": a janye jiki har a ji kukanka, ba don an bar aikin ba.

Abokin tafiyar yaji shi ne biko, daga kalmar "bi". Miji ya bi sawu, ko ya tura kawunsa ko amininsa. Nan manya ke zaunar da su a ji ba'asi. Cefane ne ya gagara? Hannu ya ɗaga mata? Ko tun da amarya ta tare rabon kwana ya karkace? Sau da yawa a wannan zaman ne iyaye ke fara jin abin da yarinya ta shekara tana haɗiyewa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu mazan yanzu ke ɗaukar biko a matsayin zubar da girma. Kafin wani babba ya ji labari, saki ya riga ya isa ta waya.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce surukarsa ta jefe shi da "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga", lokacin da ya kai ƙorafin ƙawayen matarsa na zuga ta. Yana son fassara.

Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, da kai take. Kai ƙadangare ka kai ƙara, ita kuwa bango take nuna maka. Zuga ba ta kama gidan da babu ɓaraka. Tsagar kan fara tun wajen neman aure: motar aro, lefen bashi, ko yarinyar da aka ɗaura wa wanda ba ta so. Wata kuma sai an zauna take bayyana, kamar miji ya ƙi tsawata wa danginsa. Saɓani kansa ba tsaga ba ne, don zo mu zauna zo mu saɓa. Shirun da ke biyo bayansa ne ke cin ginin.

Ta ƙarshe daga Kumasi: shin bazawara sakakkiya ce kawai?

A'a. Wadda aka saka ta gama idda bazawara ce, haka wadda mijinta ya rasu ta fita takaba, wata 4 da kwana 10. Namiji bazawari. Shi ya sa auren zawarawa da Hukumar Hisbah ta Kano ta fara ɗaurawa a 2012 ya haɗa duka biyun.