Ƙuri'a da sarkin yawa

Wata mai karatu ta rubuto tana cewa: "Malam, me ya kawo ƙuri'a cikin 'ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a', alhali ba wanda ake zaɓa, ba kuma akwatin da ake jefawa?"

Malama, kalmar ta girmi akwatin zaɓe nesa ba kusa ba. Daga Larabci muka aro ta, kuma ma'anarta ta fari ita ce jefa wani abu don a fitar da mutum ɗaya ba tare da son rai ba, irin wadda aka jefa a jirgin ruwa ta faɗa kan Annabi Yunusa (AS). Daga baya ne ta koma kan takardar zaɓe, har muka sami ƙuri'ar raba gardama, wadda hukuma ke shiryawa kuma sakamakonta kan zama hukunci. Ta jin ra'ayi kuwa ba ta ɗaure kowa. Shi ma ra'ayi aro ne, tushensa a Larabci "gani", wato yadda mutum yake ganin al'amari.

Abin da ke burge ni shi ne, tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Masu binciken ƙwarai ba sa tsintar wanda suka ga dama su tambaya. Ƙuri'a suke yi ta asali, ta faɗa kan mai uwa da wabi, don kowa ya sami dama daidai da ta kowa. Afrobarometer, da ke wannan aiki a ƙasashen Afirka tun 1999, kan tambayi mutum 1,200 ko 2,400 ne a ƙasa guda.

Wani ɗalibi kuma ya ce: "To ai an ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ashe ba binciken da ya fi tara mutane ne ya fi gaskiya ba?"

Ɗana, ka ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. Magana take kan haɗin kai da taron dangi, ba kan awo ba. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, aka dawo mata da fiye da miliyan 2, ta bugi ƙirji ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayi da ya tambayi mutanen da ba su kai ko kusa da haka ba, ya ce Roosevelt ne. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta kwaso yawancin sunayen ne daga littafin lambobin tarho da rajistar masu motoci, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, sannan masu haushin Roosevelt suka fi zumuɗin mayar da amsa. Ta ji bakin masu hali, ta ɗauka bakin ƙasa ne.

A ƙarshen wasiƙarsa ya ƙara da tambayar ko "labarin zuciya a tambayi fuska" na da wurin zama a nan. Yana da shi, sai dai ta baya. Idan baƙo ya zauna gabanka da takarda ya ce kana zuwa wurin ibada, ko ka yi zaɓen da ya wuce, kunya kan sa ka ce e, ta ciki na ciki. Shi ya sa a tambayoyi masu nauyi ake miƙa wa mutum takardar ko wayar ya cike da kansa, ba fuskar da ke kallonsa.