Shin Ana Gadon In'ina da Jinkirin Magana?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 4 yana in'ina kamar mahaifinsa, kakarsa kuma ta ce kwaikwayo ne kawai. Gado ne ko koyi?

Amsa: Malama, in'ina tana bin jini, ba a ɗaukarta ta hanyar kwaikwayo. A shekarar 2010 masu bincike sun gano sauyi a ƙwayar gado mai suna GNPTAB a wasu iyalai na Pakistan masu fama da ita, sannan a 2015 aka gano wata, AP4E1, ta hanyar nazarin wani babban dangi a Kamaru. Sai dai abin da yaro ke gada shi ne sauƙin kamuwa, domin kusan uku cikin huɗu na yaran da suka fara in'ina suna dainawa. Tunda mahaifinsa ya girma da ita, ina ganin bai kamata ki tsaya jira ba, ki nemi ƙwararre kan gyaran magana. Idan ya maƙale a kan "ba-ba-baba", kada a yi masa tsawa, kada kuma a ƙarasa masa kalmar.

Tambaya: 'Yata ta shekara biyu da rabi ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Auren zumunci muka yi da mahaifiyarta, kuma an ce in kai ta wurin wanzami ya yanke mata linzami.

Amsa: Malam, ka bar maganar wanzami, domin linzami ba ya hana yaro fara magana, yankan kuwa yana iya jawo zubar jini. Abin da ya fi gaggawa shi ne gwajin ji a sashen kunne na asibiti. Akwai kurumtar da iyaye biyu masu ji garau ke ɗauke da ƙwayarta a ɓoye, sai ta bayyana idan yaro ya gada daga ɓangarorin biyu, kuma hakan ya fi faruwa tsakanin 'yan uwa. Sanƙarau, ƙyanda da shawara mai tsanani bayan haihuwa su ma suna lalata ji, saboda haka ka sanar da likita idan ta taɓa yin ɗayansu.

Tambaya: Fulatanci muke yi a gida, Hausa a unguwa. Wannan zai rikita yaro?

Amsa: A'a, Hajiya. Yaro yana gadon baiwar koyon harshe ne, amma harshen kansa daga bakin mutane yake ɗauka. Wanda ke da lalurar harshe za a ga alamarta a duka biyun, kuma hana shi Fulatanci ba zai warkar da ita ba.