Takalmin hawan babur a daji: mai tauri ko mai daɗin sawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da babur ɗin daji mai inji 250, kuma kusan duk ƙarshen mako ni da abokaina mukan bi hanyoyin duwatsu da rairayi, wani lokaci har da tsallaka rafi. Takalmin da nake sawa sefti but ne mai ƙarfe a baki. Wata biyu da suka wuce babur ya kwanta mini a ƙafar hagu, alhali ko gudu ba na yi, na samu targaɗe a idon sawu da ya zaunar da ni sati uku. Na gwada dogon takalmin 'yan tsere na wani abokina, sai na ji kamar an zuba mini siminti a ƙafa: ba na jin giya, ba na jin birki, tafiya ma da ƙyar. Shin akwai takalmin da ya haɗa kariya da daɗin sawa? Kuma dole ne ya zama wanda ruwa ba ya shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin mu shiga maganar takalmi, in har yanzu idon sawun yana kumbura ko yana maka ciwo idan ka taka da ƙarfi, ka je a ɗauki hoton ƙashin. Akwai ƙananan karaya a wannan gaɓa da kan yi kama da targaɗe, kuma gaɓar da ta taɓa gurɗewa ta fi saurin sake gurɗewa.

Yadda ka faɗi ɗin nan, haka akasarin faɗuwar daji take. A kan kwalta abin tsoro shi ne gudu da gurzuwa. A daji kuwa sau da yawa mutum a giya ɗaya ko biyu yake, ya kai ƙafa ƙasa don ya tare babur, ƙafar ta maƙale a rami ko tsakanin duwatsu, babur ya ci gaba ko ya kwanto mata. Babur mai inji 250 yana da nauyin kilo 100 zuwa 145, gwargwadon irinsa. Manyan na doguwar tafiya irin su BMW R 1250 GS kuwa sun kusa kilo 250 in an cika tanki. Duk wannan nauyi kan sauka ne a kan ƙafa mai ƙasusuwa 26, yawancinsu ƙanana, da kuma ƙasusuwan ƙwauri biyu da suka sauko suka yi idon sawu.

To a nan ne sefti but ya gaza. An yi shi ne domin ma'aikacin da wani abu mai nauyi zai iya faɗo masa a yatsu, kuma a wannan aikin ba shi da laifi. Amma daga idon sawu zuwa sama fata ce kawai da igiya. Ba abin da zai hana ƙafa karkacewa gefe, ba abin da zai tare ƙwauri daga dutse ko kututture ko matakin babur, ba abin da zai raba sha-raɓarka da zafin salansa. Igiyar ma kanta tana iya sarƙewa da libar giya a daidai lokacin da kake son sauke ƙafa. Takalmin sojoji da na hawan dutse duk hukuncinsu ɗaya ke nan.

Taurin nan da ya ba ka haushi a takalmin abokinka, shi ne kariyar. Ka riƙe wannan da kyau, domin a nan mutane da yawa ke yin kuskure: su shiga shago, su zagaya da takalmi, su ɗauki wanda ya fi daɗin tafiya. Takalmin da ya bar idon sawunka ya juya yadda ya ga dama a shago, zai bar shi ya juya haka a ƙarƙashin babur. Daɗin da ya kamata ka nema shi ne na takalmin da ya zauna daidai a ƙafarka, bai matse ba bai yi lako-lako ba, wanda za ka wuni tsaye a kan matakan babur tafin ƙafarka bai gaji ba. Wannan daɗin ana samunsa a takalmi mai tauri.

Takalman daji iri-iri ne. Na motokuros, wato tseren fili mai tsalle-tsalle, shi ne mafi tsawo da tauri, ya kusa gwiwa, an lulluɓe shi da roba mai ƙarfi, ƙasansa sumul domin ya zame a ƙasa in an miƙa ƙafa a kwana. Na enduro, wato hawan hanyoyin daji masu wuya, daga sama kusan duk ɗaya suke da na motokuros, sai dai ƙasansa yana da haƙora, saboda mahayin enduro yakan sauka ya tura babur a tabo ko a kan dutse mai santsi. Sai na doguwar tafiya, wanda ya fi laushi, ana iya yawo da shi a gari, yawanci kuma ruwa ba ya shiga, amma riƙon da yake yi wa idon sawu bai kai na biyun farko ba, musamman gajerunsa masu maɓalli biyu. Akwai kuma na masu wasan hawa duwatsu a hankali da ƙaramin babur marar sirdi, wanda da gangan aka yi shi da laushi don a ji mataki sosai. Wannan ba naka ba ne.

Ga irin hawan da ka kwatanta, da kuma idon sawun da ya riga ya ji ciwo, ni enduro zan ce ka saya, ba na ko tantama. Na doguwar tafiya na wanda rabin tafiyarsa kwalta ce, sauran rabin kuma burji mai kyau.

Abin da ya fi komai muhimmanci a cikin takalmin shi ne yadda aka gina wajen idon sawu. Masu kyau suna da wata gaɓa a gefe da gefe, mai aiki kamar mahaɗin marfin ƙofa: tana barin ƙafa ta yi sama da ƙasa, wato motsin da kake bukata don giya da birki, ta hana ta karkacewa hagu ko dama, sannan tana da iyakar da take tsayawa don kada ƙafar ta lanƙwashe fiye da kima. Sidi Crossfire da Gaerne SG-12 misalai ne na masu irin wannan gaɓa. Alpinestars Tech 10 kuma yana da wani ƙaramin takalmi a ciki da ke riƙe idon sawu. Abin sha'awa, mai gaɓa yakan fi marar gaɓa sauƙin motsi tun ranar farko, domin marar gaɓa sai robarsa ta gaji ta karye a wajen lanƙwasa kafin ya saki, kuma a lokacin da ya saki ɗin ne kariyarsa ta fara raguwa. Ina zargin irin wannan abokinka ya ba ka, ga shi kuma ba lambar ƙafarka ba.

Kana iya gwadawa da hannunka. Riƙe dunduniyar takalmin da hannu ɗaya, bakinsa da ɗaya, ka murɗa kamar mai matse wanki. In ya murɗu, ajiye shi. Ka dafa samansa ka tura gefe, ka ga ko zai kwanta a idon sawu. Ka matsa wajen yatsu da wajen dunduniya da babban yatsa, kada su loɓa. Ka yi ƙoƙarin naɗe tafinsa gida biyu. Mai kyau yana da faranti na ƙarfe ko roba mai tauri a ciki, wanda ke raba nauyinka a tafin ƙafa gaba ɗaya. In babu shi, matakin babur mai haƙora zai riƙa cin tsakiyar ƙafarka, bayan awa ɗaya a tsaye za ka ji kamar kan wuƙa ka taka.

Ka leƙa cikin takalmin kuma ka nemi tambarin CE mai hoton mahayin babur da rubutun EN 13634:2017, ma'aunin Turai na takalman babur. A ƙarƙashinsa akwai lambobi huɗu, kowace 1 ce ko 2. Ta farko tsawon takalmi ce, ta biyu juriyar gurzuwa, ta uku juriyar yanka, ta huɗu kuma juriyar matsa daga gefe, wato daidai abin da ya same ka. A gwajin na huɗu, mataki na 1 yana jure matsin da ya kai nauyin kilo 100, mataki na 2 kuma kusan kilo 150. Ka nemi 2 2 2 2. In ka ga IPA, an gwada kariyar idon sawu daga bugu. IPS na ƙwauri ne. WR kuma na hana shigar ruwa. Sai dai ma'aunin ba ya gwada murɗewar idon sawu, shi ya sa takalmin kwalta mai laushi ma kan iya samun 2 huɗu. Tambarin nan matakin farko ne na tantancewa, hannunka ne zai ƙarasa sauran. Jabu kuma sun yi yawa a kasuwar intanet, har tambarin suke kwaikwaya, don haka ka sayi naka wajen dillalin da kamfanin ya san da shi.

Yanzu ga maganar awo, inda daɗin sawa yake. Kamfanonin nan uku da na ambata duk na arewacin Italiya ne, yankin da ya daɗe da suna wajen ɗinkin takalman hawan dutse da na ƙanƙara: Sidi ya fara a 1960, Gaerne a 1962, Alpinestars a 1963. Amma kowanne da irin ƙafar da yake yi wa ɗinki. Mahaya sun san Sidi da matsatsen baki, Gaerne kuma da yalwa. Saboda haka lamba 43 a wannan ba lallai ta zama 43 a wancan ba, kuma mai faffaɗar ƙafa da ya nace wa matsatsen takalmi don sunan kamfani, shi zai sha wuya. Ka je gwaji da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da doguwar safar da za ka riƙa hawa da ita, da abin kare gwiwarka in kana sawa, domin cikin bakin takalmin yake shiga. Ka ɗaure maɓallan daga ƙasa zuwa sama. Yatsunka su iya motsi, da ɗan sarari kamar faɗin yatsa a gaba. Ka ɗaga dunduniya: in tana fita tana komawa a ciki, bororo na jiranka. Ka durƙusa kaɗan kamar kana tsaye a kan babur, ka zauna da shi a ƙafa minti 15 ko 20. Duk inda ka ji roba tana danna ƙashi, kada ka yarda da "zai saki". Soson ciki yana kwanciya, fata tana saki, amma roba mai tauri yadda ka same ta haka za ta zauna.

Rashin jin giya da birki kuwa, rabin laifin na babur ɗinka ne, domin an saita shi ne da siririn takalmi. Bakin takalmin daji ya fi kauri, ba zai shiga ƙarƙashin libar giya yadda ka saba ba. Ka yi wa wurin da take alama, ka kwance ƙusar da ta riƙe ta, ka zare ta ka ɗaga ta haƙori ɗaya, ka mayar ka ɗaure. Fedar birkin baya ita ma ana saita ta, ta zo daidai da mataki ko ta ɗan fi shi, yadda za ka same ta kana tsaye. Amma ka bar mata ɗan wasa kafin ta kama, in ba haka ba birki zai riƙa ja har ya yi zafi. In ba ka saba ba, makanike ya yi maka. Sauran rabin kuma sabo ne. Da wannan takalmi ba da yatsu ake sa giya ba, ƙafar gaba ɗaya ake ɗagawa, birki kuma ta yadda babur ya amsa ake gane shi. Ka sa shi a gida na 'yan kwanaki, ka hau matakala, ka tsuguna ka miƙe. Sannan ka yi fita biyu ko uku a fili mai sauƙi kana maimaita giya da birki kafin ka bi abokanka cikin duwatsu. Za ka tsallake giya, za ka danne birki fiye da yadda ka yi niyya, kowa da haka ya fara. Kada wannan ya mayar da kai ga sefti but.

Batun ruwa, ya danganta da irin ruwan. Takalmi mai shimfiɗar Gore-Tex ko makamanciyarta a ciki, wato wani siririn yadi mai hana ruwa ratsawa, yana da amfani ga ruwan sama, da raɓa, da kududdufi. Amma kai rafi kake tsallakawa. Da zarar ruwa ya wuce bakin takalmin ta sama zai kwararo, kuma abin da ke hana shi shiga shi ne zai hana shi fita, sai ka wuni da bokiti biyu a ƙafa. Ga zafi da gumi a ranar da ake rana. Na fi son ka ɗauki wanda ba shi da wannan shimfiɗa, mai saurin bushewa, ka riƙe safa ta biyu a jaka, ko ka sayi safar da ruwa ba ya ratsawa don ranakun sanyi.

Ka duba kuma ko ana samun kayan gyaransa. Maɓallai su ke fara karyewa, don haka ka zaɓi waɗanda aka ɗaura da sukuru, ana kwancewa a sa sababbi. Tafin ma matakin babur yana cinye shi, musamman na dama in baburinka na kik ne. Wanda aka ɗinka, mai gyaran takalmi zai iya sake masa wani, wasu kuma irin Sidi mai alamar SRS da sukuru ake canja nasu. In za ka sayi na hannu, ka yi masa gwajin murɗawar nan, ka duba gaɓar idon sawu ko ta yi sako-sako, ka duba tsagewa a inda robar take lanƙwasa. Wanda ya shekara da shekaru a ajiye ma abin dubawa ne, domin roba da gam suna ruɓewa ko ba a sa su ba.

In ka dawo daga daji, ka wanke lakar tun ba ta bushe ba, da ruwa da sabulu da buroshi, ka kula da cikin maɓallai da gaɓar, don yashi ne ke cinye su. Ka zare shimfiɗar ciki, ka cusa masa tsohuwar jarida, ka ajiye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada ka kai shi kusa da wuta ko ka jingina shi da salansa don ya yi saurin bushewa. Zafi yana sakin gam, yana kuma busar da fata har ta tsage.