Amsa ga mai tambaya kan tsamin cinya bayan buga ƙwallo

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka koma fili bayan ka daɗe ba ka buga ƙwallo ba, ranar ka kwana lafiya lau, amma a kwana na biyu cinyoyinka suka yi tsami har tashi daga sujada sai da dafa ƙasa, kuma abokai sun ce maka sinadarin laktik asid ne ya taru. A sashen fisiyo, wato sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi na asibiti, nake aiki, kuma wannan koken ba ya yanke mana, musamman farkon damina idan mutane suka koma riƙe fartanya.

Zancen laktik asid ɗin nan masu bincike sun daɗe da ajiye shi. Sinadarin yana komawa daidai a jini cikin kamar awa ɗaya bayan ka tsaya, shi kuwa wannan ciwon yakan fi tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72. A 1983 wani masani mai suna Schwane da abokan aikinsa a Amurka sun sa mutane gudun minti 45 a kan injin gudu, sau ɗaya a shimfiɗe, sau ɗaya a gangare. A shimfiɗe sinadarin ya hau amma babu tsami. A gangare bai hau ba, sai ga tsami ya biyo baya.

Abin da ke jawo shi, aikin da tsoka ke yi tana riƙe nauyi alhali ana jan ta tana miƙewa: saukowa daga bene, sauke buhu a hankali, taka birki kwatsam kana cikin gudu. Ƙwallo kuwa cike take da wannan. Tun 1902 wani masani mai suna Theodore Hough ya yi hasashen cewa ƙananan yagewa ne a cikin tsoka, sannan a farkon shekarun 1980 Fridén da abokansa a Suwidin suka ciri ɗan guntun tsoka suka ga ɓarnar a madubin bincike. Kumburin da ke biyowa ne ke sa jijiyoyin jin zafi su yi saurin harzuƙa. Shi ya sa idan na danna babban yatsa ɗan sama da gwiwar mutum sai ya zabura, alhali yana kwance ba ya jin komai. Har yau dai ana jayayya kan ko tsokar ce ta fi ciwon ko yanar da ta lulluɓe ta.

Magani? Galibi haƙuri ne, cikin kwana 5 zuwa 7 zai wuce. Miƙe gaɓoɓi kafin wasa ko bayansa bai cika rage shi ba, haka bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2011 ta nuna, duk da koci-koci ba sa son jin haka. Ƴar tafiya, ruwan ɗumi da tausa mara ƙarfi sukan ba da sauƙi na ɗan lokaci. Kada ka daina zuwa fili, ka dai rage. Idan ka maimaita irin wasan mako mai zuwa, tsamin ba zai kai na farko ba.

Inda nake ja maka kunne shi ne haɗin maganin gajiya na kemis. Sau da yawa akwai magungunan kashe ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokacin ma duka biyun, ga zafin rana ga ƙarancin ruwa a jiki, ƙoda ce ke shan wahala. Idan ka ga fitsarinka ya koma kalar shayi ba madara, ko cinyar ta kumbura ta yi tauri, ko ƙarfin ƙafar ya tafi, ka nufi asibiti a ranar, domin tsoka na iya narkewa ta zuba cikin jini ta taɓa ƙoda. Haka in akwai zazzaɓi, ko kana da sikila, ko kana shan maganin rage kitsen jini, a duba ka tukuna. Allah ya ƙara sauƙi.