Na'urar auna zafi mai araha don injin ƙyanƙyasar ƙwai

Malam, ka tambayi wace na'urar auna zafi za ka saya. Tunda da Arduino (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urori) za ka haɗa injin, sayi na'urar DS18B20 mai bututun ƙarfe, wadda ruwa ba ya shigarta. Ƙwan kaza digiri 37.5 na Celsius yake so, ita kuwa kuskurenta bai wuce rabin digiri ba. Wata na'urar auna zafin, DHT11, takan kauce da digiri 2, hakan ya isa ya lalata ƙwai.

Wayoyin DS18B20 ɗin haka za ka haɗa su da Arduino: jar waya zuwa 5V, baƙa zuwa GND (wato negatif), rawaya zuwa ƙafar da za ta karɓi bayanai. Lallai ka sa resista (ɗan abin da ke rage gudun lantarki) mai 4.7k tsakanin ja da rawaya, in babu ita -127 za ka gani maimakon ainihin zafin. In ta tsaya a 85, ka karanta kafin ta gama awo ne, ka ba ta sakan ɗaya ta gama. Akwai jabu, don haka fara gwada ta da ma'aunin zafin jiki.