Yaya Masana Ke Gyara Enzaim?

Tambaya: Malam, na ji an ce masana na iya gyara enzaim domin ya yi wa masana'antu aiki. Ta yaya hakan ke yiwuwa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, enzaim furotin ne da ke hanzarta sauyawar sinadarai a jikin halitta, kamar wanda ke cikin yawu yana narkar da sitaci. Aikinsa ya dogara ne ga yadda ya nannaɗe, shi ya sa gano siffarsa ke buƙatar haɗin gwiwar masana sinadarai da na ilimin halittu da na kwamfuta. A 1965 ne David Phillips da abokan aikinsa a Landan suka bayyana siffar wani enzaim a karon farko, wato lisozaim, wanda ake samu a farin ƙwai.

Sai dai sanin siffa kaɗai bai wadatar ba. Frances Arnold ta jami'ar Caltech a Amurka ta bi wata hanya wadda a ganina ta fi dabara, domin ta riƙa yi wa ƙwayar gadon enzaim sauye-sauye barkatai, sannan ta tankaɗe waɗanda suka fi ƙwazo, ta sake maimaitawa. Wannan aiki ne ya sa aka ba ta kyautar Nobel a 2018, kuma da irin wannan hanya aka gyara enzaim ɗin da ake amfani da shi wajen haɗa sitagliptin, maganin ciwon suga.