Amsar Baffa Daga Sabon Zango: Abin Da Za Ka Tarar A Akra

Ɗana, saƙonka ya iso, ka gaishe mini da mahaifiyarka da sauran mutanen gida. Ka ce za ka zo Akra a watan Agusta, kana son in lissafa maka wuraren kallo. Ka kuma haɗa da ƙorafin abokinka da ya zo bara, wanda ya koma yana cewa mutanen Zango sun cinye masa hutu da gaishe-gaishe, da ƙyar ya leƙa teku. Bai yi mana ƙarya ba, kuma kai ma abin da ke jiranka ke nan.

Garin nan na mutanen Ga ne, su ne masu ƙasa, su ne masu teku. Namu fataucin goro ne ya fara jawo su Gwanja, da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892 sai da yawa suka gangaro kudu. Wasu kuma aikin soja ya kawo su, cikin Hausawan da Ingila ta ɗebo daga Legas don yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874. Da Turawa suka mayar da hedikwatarsu daga Cape Coast zuwa Akra a 1877, ciniki ya buɗe, baƙi suka yi ta sauka. Wannan Sabon Zango da nake rubuto maka daga cikinsa Malam Baƙo ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 20, a filin da ya samu daga hannun sarakunan Ga. A wancan zamani falke ba ya shiga gari haka kawai. Sai ya sauka wurin maigida, shi zai ba shi ɗaki, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa. In baƙo ya yi ɓarna, maigida ake nema. Goron ya ja baya, amma tsarin bai mutu ba. Saboda haka idan na ɗauke ka washegarin saukarka na kai ka wurin limamin unguwa da fadar sarkin Zango da ɗakunan tsofaffi, ba hutunka nake son ɓatawa ba. So nake a san fuskarka, a san ɗan gidan wane ne. Kana iya buƙatar wannan sanin ranar da ba na kusa.

Akwai kuma abin da ba mu manta ba. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, gidaje da yawa a Zango suka zama kango, har da na waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. A 1983 Najeriya ta yi irin nata korar. Shi ya sa za ka ga dattawanmu suna lallaɓa zaman maƙwabtaka fiye da yadda ka saba gani. Kada ka ɗauka tsoro ne.

Zango ma ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Zabarmawa, Fulani, Yarabawa, Wangarawa, Dagomba, Kotokoli, Mosi, duk da Hausa suke ciniki da faɗa da neman aure. Za ka ji ta ta sha bamban da ta Kano. Ka riƙe dariyarka, don ba abin da ke ɓata wa ɗan Zango rai kamar ɗan Arewa ya zo yana yi masa gyaran harshe.

To, ga yawon. Da asuba kokon gero mai yaji da ƙosai, wanda duk Gana ta san shi da sunan Hausawa. Da hantsi waakye, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi, a zuba a ganye, a ɗora taliya da gari da ƙwai da baƙin yajin nan shito. A Nima za mu ci, ranar Laraba in so samu ne, ranar da kasuwa ke cika. Daga nan babban masallacin ƙasa da ke Kanda ba nisa. Turkawa ne suka gina shi da fasalin masallatan Istanbul, aka buɗe shi a 2021. A can za ka yi Juma'a. In Allah ya sa da rabo ka ga Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda ke kan wannan kujera tun 1993. Shi ne ya shiga cocin Katolika a Ista ta 2019, shekarar da ya cika ɗari, don gaishe su. Na san an yi ta surutu a kan wannan a wajenku. Mu nan mun fahimci abin da yake nufi.

Teku kuwa, Jamestown za ka nufa, kuma da sassafe. Daga kan tudu za ka ga hasumiyar fitila mai ja da fari, wadda aka gina a shekarun 1930 a madadin ta 1871. Ana hawa, matakalar tana murɗawa, daga sama garin tsohuwar Akra duk yana ƙarƙashinka: rufin kwano mai tsatsa, hayaƙin masu banda kifi, ga James Fort, sansanin da Ingilishi suka gina a 1673, wanda ya zama kurkuku har 2008, ga Ussher Fort na 'yan Holan can gaba kaɗan. Amma abin kallo na ƙasa ne. Kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungumen itace guda, an shafe su da fenti kala-kala, an rubuta musu ayar Baibul ko sunan ƙungiyar ƙwallo, tutoci na kaɗawa. Idan guda ya iso, samari su shiga ruwa har ƙirji suna ja da waƙa, mata kuma na tsaye da manyan kwanonin silba, ɗaurin zani a ƙugu, kuɗi a ƙulle. Su ne masu cinikin, kuma sau da yawa su ne suka ba da kuɗin man da aka fita da shi. Ba a wasa da su. An buɗe sabuwar tashar masunta a wurin a 2024 da tallafin Sin, ta sauya fasalin gaɓar, amma hayaniyar tana nan yadda take.

Kada ka je ranar Talata, masunta ba sa shiga teku ran nan, sai ɗinkin raga za ka tarar. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki mutum hoto ba ka gaishe shi ka nemi izini ba. Kada ka miƙa kuɗi ko ka nuna mutum da hagu. Za ka ci dokunu, wato tuwon masara da aka naɗe a ganye, da soyayyen kifi da barkono a bakin hanya, da hannu, yana da tsami, ka daure wa loma uku na farko.

Bayan nan kaɗan Bukom take, unguwar 'yan dambe, inda Azumah Nelson da Ike Quartey suka fito. Da yamma za ka ga yara suna dukan buhu a ƙarƙashin rumfar kwano. Kai da ka taso kana kallon dambe a gida, ka je ka kwatanta.

Watan da ka zaɓa na Homowo ne, bikin da mutanen Ga ke yi don tuna yunwar da kakanninsu suka tsallake. Sarakuna suna zagayawa suna yayyafa abincin masara da manja, ana zuba giya a ƙasa don magabata. Ka tambaye ni ko muna shiga. Ba ma shiga abin da ya shafi bauta, amma muna yi wa maƙwabta barka, kuma da Layya mu ma mu aika musu nama. Kafin bikin, wajen Mayu zuwa Yuni, akwai kusan wata guda da suke hana kiɗa da hayaniya, a buƙaci coci da masallaci su tsare sautinsu a cikin gini. Samarinmu kan yi gunaguni, ni kuwa ban ga abin faɗa a ciki ba, salla ba ta fasu. Haka in na kai ka Teshie ka ga masu ƙera akwatin gawa mai siffar kifi ko mota ko jirgin sama, ka yi kallonka ka yi shiru. Mu likkafani muka sani, su kuma haka suke girmama mamacinsu.

Kabarin Kwame Nkrumah yana kan hanyar komawa, a filin da ya shelanta 'yancin kai a Maris 1957, an gyara wurin a 2023. Sa'a guda ta ishe ka. Kusa da shi akwai kasuwar kayan hannu, inda za a tsuga maka kuɗi in aka ji bakinka, sai dai in ka dace da Bahaushe mai rumfa, kuma suna da yawa. Dandalin Black Star ka gan shi daga mota, fili ne fetal, sai ranar Idi yake cika da mu.

Labadi wurin shaƙatawa ne a bakin teku, akwai dawaki, akwai kiɗa, akwai kuma shigar da za ta sa ka sunkuyar da kai, musamman ran Lahadi. In za ka je, ka je da safe a tsakiyar mako. Ruwa iya gwiwa, ka ji ni da kyau. Tekun nan yana da ja ta ƙasa, iyon da ka koya a kududdufi ba zai yi maka amfani ba.

Manyan jiragen kaya ba a Akra suke tsayawa ba, sai Tema, wajen kilomita 25 gabas, tashar da aka buɗe a 1962. Ba a shiga ciki ba takarda, amma daga hanyar bakin teku za ka hango su jere suna jiran layi, ka kuma ga tirelolin da ke ɗaukar kaya zuwa Burkina da Nijar. Ni da za ka bi shawarata, ranar da za ka kashe a Tema ka ba Cape Coast da Elmina. Tafiyar kamar awa uku ce in hanya ta yi kyau. Sansanin Elmina tun 1482 'yan Fotugal suka gina shi. Za a shigar da kai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka tara bayi, a kashe fitila na ɗan lokaci, sannan a nuna maka ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi. Da yawansu daga arewa aka gangaro da su, ta hanyoyin da fatake suka bi. Ran nan kada ka shirya wani yawo bayansa.

In ta mota za ka zo, iyaka uku ce: Seme, sai tsakanin Benin da Togo, sai Aflao. Ba a neman biza, amma ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara a jikinka, ba cikin jaka ba. Ka canji sidi, kuɗin Gana, kaɗan a Aflao na kuɗin mota, sauran ka bari sai ka iso. Ka sanar da ni ranar da za ka taso daga Legas don in tura yaro tasha.